Ina Shabaka Take Tafiya Idan Ta Ɗauke?



A farkon watan Fabrairu na 2024, lokacin da shabaka ta ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, muna zaune a rumfar wani mai shayi a bakin kasuwa, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana jujjuyawa kamar mai duban jinjirin wata. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, cinikinmu ya koma cikin Bankak, da mai sayen mudun dawa da mai biyan 'yan ƙodagon gona duk ta nan suke bi. A ranar ciniki ya tsaya cak. Mai kuɗi a asusu da wanda bai ajiye ko sisi ba suka zama ɗaya. Waɗanda suka gudo daga Madani a watan Disamba suna jiran aiken 'yan uwansu na Saudiyya suka wayi gari babu hanyar karɓa, babu kuma hanyar jin ko waɗanda suka baro a baya suna raye.

Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya nuna doguwar hasumiyar waya da sandarsa, ya ce: "Ku 'yan boko, ga ƙarfen can a tsaye, ba a sare shi ba, ba a ƙone shi ba. To ina shabakar ta tafi?" Mu da muka yi makaranta, har da masu shahadar kwamfuta a cikinmu, muka yi ta kame-kame. Wani ya ce tauraron ɗan'adam ne ya lalace, wani ya ce gwamnati ce ta danna wani maɓalli. Dattijon ya girgiza kai, ya ce a zamaninsu ko yaron ayari ya san inda rijiya ta gaba take. Maganar ta yi mana zafi, domin gaskiya ce.

Amsar da muka samu daga baya ba ta da wani tsawo. Hasumiyar da ke garinmu aikinta karɓa da miƙawa ne kawai. Na'urorin da ke gane lambarka, su ba ka izinin shiga, su zaɓa wa saƙonka hanya, suna can a cibiyoyin Zain da MTN da Sudani a Khartum, a unguwannin da yaƙi ya mamaye. Da aka kashe su, hasumiyar ta zama kamar kunne maras kai. Kamfanin Sudani ne ya fara dawowa bayan kwanaki, da injiniyoyinsa suka tayar da wata cibiyar a Bortsudan, Zain kuwa sai a watan Maris. Waɗanda suka yi wannan aikin mutane ne kamarmu, sun zauna a aji sun koyi yadda ake haɗa na'urori da ƙa'idojin da suke magana da juna da su. A kan wannan karatun muke son yin magana, domin mun ga irinsa na banza, mun kuma ga na kirki.

Na banzan shi muka fara gani. Kafin yaƙi mun haɗa kuɗi, abin da ya kai farashin buhunan riɗi biyu, muka tura wani ɗan ƙanenmu kwas ɗin shabaka na wata uku a wata cibiya a birni. Ya dawo da shahada mai ruwan zinariya a gefe, aka sa mata gilashi aka rataye a ɗakin mahaifiyarsa. Ya iya jero hawa bakwai na tsarin OSI daga sama zuwa ƙasa da daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda almajiri ke jero surori. Amma ranar da aka kira shi ya haɗa kwamfutoci uku da na'urar buga takarda ɗaya a wani shago, ya tsaya yana zufa. A duk wata ukun bai taɓa riƙe kebul ya matse masa kai ba. Malaminsu yana karanto musu rubutu ne daga majigi, su kwafa, ranar jarrabawa a ba su tambayoyin da aka riga aka raba musu amsoshinsu. Ba mu ga laifin yaron ba. Mu ne muka biya kuɗin ba tare da mun tambayi me za a koya masa ba, domin mu kanmu ba mu san me ya kamata mu tambaya ba.

Na kirkin kuwa gudun hijira ne ya kawo mana shi. Cikin baƙin da suka sauka a unguwarmu akwai wani injiniya da ya yi shekaru yana wannan aiki a Madani. Ya fito da iyalinsa da jaka ɗaya, a cikin jakar akwai kwamfutarsa da wata 'yar na'urar matse kan kebul mai kama da filaya. Bayan wahalar Fabrairu ya ce zaman banza ya ishe shi, a ba shi yara. Aka share masa rakuba a bayan gidan da ya sauka, aka aro batir da faifan hasken rana, aka tattaro tsofaffin kwamfutoci biyu da wata rawuta da aka daɗe da jefarwa. Yara suna ce masa Bashmuhandis, shi kuma yana ce musu "ya awlad", domin ba ya jin Hausa. Mu manya muka riƙa zuwa da sunan sa ido, a gaskiya kuwa karatun ne ya riƙe mu.

Makon farko bai buɗe littafi ba. Ya yanka kebul ya nuna musu siraran wayoyi takwas da ke ciki, bibbiyu a murɗe da juna, ya ce a jera su bisa tsarin launi: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wanda ya kuskure ɗaya sai a yanke kan a sake. Ya gaya musu irin wannan kebul ba ya wuce mita 100, in ya wuce saƙo ya fara raunana. Ɗan ƙanenmu mai shahada ya ɓata kawuna huɗu kafin na biyar ya yi daidai, kuma da 'yar fitilar rawuta ta kama, ta yi kore tana ƙiftawa, mun ga farin cikin da ba mu gani ba ranar da ya dawo da shahadarsa.

Daga nan aka shiga adireshi, wurin da ɗalibai da yawa ke gudu. Kowace na'ura da ke kan shabaka tana da lamba, kamar 192.168.1.1 da ake gani a bayan rawuta. A tsarin da aka fi amfani da shi, wato IPv4, lambar gurabu 32 ce na sifili da ɗaya, an kasa su kashi huɗu, takwas-takwas. Gurabu takwas suna ba da lambobi 256, ana ware ta farko ta zama sunan unguwar, ta ƙarshe kuma ta shela ga kowa, 254 su rage wa na'urori. Idan ana son raba unguwa ɗaya ga ofisoshi da yawa sai a riƙa tsagawa biyu: 256 ta koma 128, ta koma 64, ta koma 32. 'Yan sakandare suka yi ta fama da alƙalami. Wani matashi da bai yi boko mai nisa ba, amma ya karanci rabon gado a wurin malaminsa, ya dubi allo ya ce ai wannan nisfi ne da rubu'i da sumuni. Cikin kwana biyu ya zama shi ke gyara wa sauran. Bashmuhandis ya ce a shekarunsa na koyarwa bai taɓa jin an bi ta wannan ƙofar ba. Daga baya ya ƙara musu da cewa lambobin IPv4 gaba ɗaya ba su wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairu 2011, shi ya sa ake komawa IPv6 mai gurabu 128.

Inda karatun ya fi shiga ranmu shi ne ranar da ya bayyana yadda saƙo ke tafiya. Hoton da ka aika wa ɗan'uwanka ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi a rubuta masa daga ina ya fito, ina za shi, shi ne na nawa a jeri. Rawutar farko ba ta san dukkan hanyar ba, ta san wadda za ta miƙa wa kawai, ita ma waccan haka. In hanya ta toshe sai a bi wata. A can ƙarshe a jera ƙunsassun bisa lambobinsu, wanda ya ɓace a nemi a sake aiko shi. Ɗaya daga cikinmu yana fassara wa dattawa biyu da suka zo shan inuwa, bai kai ƙarshe ba ɗayansu ya katse shi ya ce: "Wannan ai zango ne." Haka kakanninmu suka iso ƙasar nan. Daga Kano da Sakkwato da Katsina su bi ta Barno, su ratsa Wadai, su sauka Jinaina, su wuce Fashir da Ubayyid har bakin Nilu, mai rabo ya kai Sawakin ya haye zuwa Jidda. Wasu shekara da shekaru suna tafe, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can. Babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Babu wanda ya bar gida da taswirar hanyar duka a hannunsa. Mutanen kowane zango su suka san zango na gaba, da rijiyar da ta ƙafe, da hanyar da 'yan fashi suka tare. Wasiƙun ajami ma haka suke komawa gida, daga hannun wannan matafiyi zuwa na wancan.

Da aka fassara wa Bashmuhandis abin da dattijon ya ce, sai ya buɗe kwamfuta ya buga wani umarni da ke jero duk rawutocin da ƙunshi ya ratsa, ɗaya bayan ɗaya, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya kai kowacce. Ya gaya mana manyan kebul na ƙarƙashin teku da ke haɗa Sudan da duniya a Bortsudan suke fitowa tudu, akwai EASSy da ke bin gaɓar gabashin Afirka, akwai kuma waɗanda suka ratsa Bahar Maliya kai tsaye zuwa Jidda. Dattijon ya yi shiru, can ya ce ashe har yanzu ta nan ake hayewa.

Sauran ƙa'idojin ma da Hausa muka fi gane su. Kafin kwamfuta biyu su fara musayar saƙo a ƙarƙashin TCP, ta farko tana yin sallama, ta biyu ta amsa ta kuma mayar da tata gaisuwar, ta farko ta tabbatar ta ji, sannan a shiga magana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar zaure ya san wannan. DNS kuwa aikin fatoma yake yi: ka zo da sunan wanda kake nema, ya gaya maka lambar gidan da ya sauka, in bai sani ba ya tambayi wanda ya fi shi sani. BGP ita ce yadda manyan kamfanoni ke shelanta wa juna garuruwan da ake iya kaiwa ta hannunsu. Asalin abin daga Amurka ne. Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa tsarin a 1974, aka mayar da shabakar ARPANET kansa ranar 1 ga Janairu 1983. Sunan protokol da Turawa suka ba waɗannan ƙa'idoji ma daga ladubban fada da na jakadanci suka aro shi, wato wa ke fara magana, da me ake amsa masa.

A nan ne matsalar harshe ta fito fili, kuma dole mu faɗe ta. Yaronmu yana tunani da Hausa a gida, malami yana bayani da Larabci, na'ura kuma ba ta karɓar umarni sai da Turanci. Harsuna uku a kan darasi ɗaya. Akwai masu cewa a fassara komai a huta, akwai masu cewa a bar Hausa a ƙofar aji. Mu dai abin da muka gani shi ne, umarnin na'ura da littattafanta ba su da makawa sai da Turanci, wanda ya ƙi koyon karanta shi zai tsaya a matse kebul har tsufansa. Amma fahimta tana zama daram ne a harshen da mutum ke mafarki da shi. Yaran da aka maimaita wa darasi da Hausa bayan an tashi sun fi riƙe shi. Wani abin da ba mu zata ba, wasu daga cikin 'ya'yanmu da Hausarsu ta fara tsinkewa, waɗanda ke amsa wa iyayensu da Larabci, a wannan rakubar suka fara jin kalmomin zango da fatoma da madugu, har suka koma gida suna tambayar kakanninsu.

Ga mai son ci gaba bayan irin wannan ajin, hanyoyin sanannu ne. Kamfanin Cisco ya buɗe makarantarsa ta shabaka a 1997, shahadarsa ta CCNA ita ce aka fi tambaya a wurin neman aiki, kuɗin jarrabawarta dala 300 ne. Kamfanin Huawei ma yana da tasa, mai suna HCIA. A shekarar 1997 ɗin dai Amurka ta sa wa Sudan takunkumin da ba a ɗage ba sai Oktoba 2017, saboda haka 'yan ƙasar nan sun yi shekara 20 suna koyon wannan fanni da ƙyar, manhajoji da yawa a rufe gare su. Duk da haka injiniyoyin Sudan sun kafa ƙungiyarsu ta SdNOG wadda ta riƙa shirya tarukan horarwa, kamar yadda AfNOG ke yi wa nahiyar Afirka tun 2000. Jami'ar Gadarif ma tana koyar da ilimin kwamfuta. Kayan gwaji kuwa ba su da tsada kamar da. Manhajar Packet Tracer tana ba ɗalibi damar gina shabakar gari guda a cikin kwamfuta ɗaya, Wireshark kuma tana nuna masa ƙunsassun suna wucewa, ya buɗe su ya ga abin da aka rubuta a kansu. Duka biyun kyauta ne.

Da za a mayar da mu ranar da muka biya wa ɗan ƙanenmu kuɗin kwas, da mun fara zuwa mun ga ajin da idonmu. Mu ga ko akwai rawuta da suwici da ɗalibai ke taɓawa da hannunsu, ko a kabad aka kulle su. Mu tambayi malamin inda ya taɓa aiki. Mu ce a nuna mana ɗalibin bara guda ɗaya, mu ba shi kwamfutoci biyu da kebul mu zuba ido. Cibiyar da ta fara zancenta da kyan shahada, ta kuma yi alkawarin amsoshin jarrabawa, gara a riƙe kuɗin a sayi tsohuwar rawuta.

Ba za mu yaudari kowa ba, wannan karatu ba zai hana shabaka ɗaukewa ba. An rufe intanet fiye da wata guda daga 3 ga Yuni 2019, an sake rufewa makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, an ma sha yanke shi sa'o'i a ranakun jarrabawar shahadar sakandare. A watan Janairu 2025 kuma jirgi maras matuƙi ya faɗa wa tashar wutar lantarki ta nan Shuwak, duhu ya rufe Gadarif da Kasala, mu da madatsar Atbara da Sitit ke maƙwabtaka da mu tun 2017. Babu ɗalibin da zai gyara irin wannan daga rakuba. Aikin yi ma ba a jibge yake ba. Sai dai ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar nan tun kwararar 'yan gudun hijirar Tigrai a Nuwamba 2020, da asibitoci da makarantu da masu sayar da katin wayfai a kasuwa, duk suna buƙatar mai haɗa musu na'urori, kuma sau da yawa daga nesa ake ɗauko shi. Mu Hausawan yankin nan an san mu da noma da su da ƙananan sana'o'i, ba a cika tuna mu ba idan ana neman mai irin wannan aiki, mu ma ba mu cika tuna kanmu ba.

Akwai kuma abin da yaran suka yi wanda ya fi ba mu mamaki. Sun gane cewa shabaka tana iya aiki a cikin unguwa ko da an yanke ta daga duniya. Suka mai da ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin rumbu, suka zuba mata littattafan makaranta da karatun Alƙur'ani da kwafin Wikipedia ta Larabci da ta Hausa, suka haɗa ta da rawutar. Duk wanda ya matso kusa da rakubar da wayarsa yana iya buɗewa ya karanta, ba ya biyan ko fam ɗaya. A lokacin makarantu sun daɗe a rufe. Wadda ta fi kowa naci a wannan aikin yarinya ce, wadda da farko mahaifinta ya ce zaman aji da samari bai dace da ita ba, sai da gwaggonta ta yarda ta riƙa rako ta tana zama a gefe da saƙarta.

Ajin ya tsaya a watan Oktoba, domin riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana kaɗan aka yi jinkiri sai ya zube a ƙasa. Bayan girbi rabin ɗaliban ne suka dawo. Da Madani ta koma hannun soja a watan Janairu 2025, Bashmuhandis ya fara haɗa kayansa, bayan 'yan watanni ya tafi duba abin da ya rage na gidansa. Ya bar wa yarinyar na'urar matse kebul da ragowar kawuna a cikin leda, ya bar wa mai rabon gadon littafinsa na Turanci wanda bangonsa ya yage. Su biyun da ɗan ƙanenmu ke riƙe da ajin yanzu, ranar Alhamis da Asabar bayan la'asar. Batirin ya fara rauni, ba ya kai su magariba, kawunan kebul ɗin kuma saura kaɗan, mun ba wani direban Gadarif saƙo ya duba mana su a kasuwa.